Kundin Aikin Bikin Waƙa na Hunturu ta Intanet

Asabar, 11 ga Oktoba, 2025

Yau muka yi zama na farko a Kano, mu biyar, kuma muka amince za mu shirya bikin waƙa na dare uku a tsakiyar hunturun bana, wanda ba za a yi shi a fili ko ɗakin taro ba, sai dai kowa ya kalla ko ya saurara daga wayarsa. Ni aka ɗora wa rubuta wannan kundi, domin duk wanda ya ba da kuɗinsa ko waƙarsa ya riƙa sanin inda aka kwana.

Ba mu muka fara irin wannan ba. A watan Janairun 2021, lokacin da annobar korona ta rufe wuraren taro, masu shirya bikin globalFEST na birnin New York sun haɗa kai da shirin Tiny Desk na gidan rediyon NPR, suka nuna mawaƙa da ƙungiyoyi 16 cikin dare huɗu, kowa daga inda yake, Angélique Kidjo ta Jamhuriyar Benin tana gabatarwa. Kafin nan, a 2020, kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya riƙa fitar da kiɗan da makaɗan yankin Sahel suka ɗauka da waya suka aika ta WhatsApp, wata bayan wata, kuɗin cinikin yana komawa hannun masu kiɗan. Daga na farko muka ɗauki tsarin darare, daga na biyu kuma muka ɗauki abin da ya fi damuna, wato mai waƙa ya fita daga biki waƙarsa tana hannunsa, da wani abu a aljihunsa.

Mun zaɓi hunturu ne saboda amfanin gona ya shigo gida, dare ya yi tsawo, sanyi kuma yana korar mutane daga dandali zuwa ɗaka tun da wuri. Dama tun asali bayan kaka ne lokacin kiɗa a ƙasar Hausa, lokacin kalankuwa da dambe da kokawa da bukukuwan aure. Ana sa ran fara azumi wajen 18 ko 19 ga Fabrairu, don haka dole a kammala kafin nan. Mun tsayar da 16 zuwa 18 ga Janairu.

Laraba, 22 ga Oktoba

Kwana goma muka yi muna muhawara a kan kalmomi uku da ke bayyana irin mawaƙin da bikin yake nema: mai zaman kansa. A Turai da Amurka ma'anarsu a fili take, wato mawaƙin da ba ya ƙarƙashin babban kamfanin sayar da waƙoƙi. Idan muka bi wannan ma'auni a nan, kusan duk wanda ya taɓa riƙe makirufo zai shiga, domin 'yan kaɗan ne suke da irin wannan yarjejeniya. Tambayar da ta dace da mu ita ce ta ubangida. Makaɗin fada yana da sarkinsa, yana kaɗa masa taushi ko kotso. Mahauta suna da mai kalangu, maƙera suna da mai dundufa, manoma suna da gangar noma. A yau ubangidan ya zama ɗan siyasa, ko mai shirya fim, ko mai biki da ya biya a ambaci sunan amarya da danginta.

Ni dai ban ga abin kunya a cikin wannan ba, domin da shi sana'ar ta ciyar da gidaje shekaru aru-aru, kuma mafi yawan abin da muke alfahari da shi na waƙar baka a ƙarƙashin ubangida aka yi shi. Sai dai kowane mawaƙi na gaske yana da waƙar da babu wanda ya sa shi, wadda ya yi saboda abin ya tsaya masa a rai, kuma irin wannan waƙa ce ba ta da kasuwa. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya nuna cewa mutum ɗaya da kuntigi mai tsirkiya guda zai iya yi wa talaka waƙa a kan aure da sana'a da zaman duniya, jama'a kuma su saurara har tsawon rayuwarsa. Wannan gurbi muke son buɗewa.

Ƙa'idar da muka tsayar ita ce: waƙar ba ta kwangila ba ce, ba ta yabon ɗan takara ko zambo ga wani mutum da aka ambata, kuma wanda ya kawo ta yana da ikon ba da izinin a nuna ta. Ɗaya daga cikinmu ta ja hankalinmu cewa wannan zai iya fitar da makaɗan gargajiya gaba ɗaya, tunda yabo ne jarinsu. Gaskiyarta ce, saboda haka muka bayyana cewa yabon gari da sana'a da iyaye da malamai duk ya halatta. Abin da muke gudu shi ne a mayar da bikin dandalin kamfe, musamman ganin zaɓen 2027 ya fara kaɗa gangarsa.

Lahadi, 9 ga Nuwamba

Jiya muka rufe karɓar waƙoƙi. Mun samu 74, muna neman 15, biyar a kowane dare. Fiye da rabi waƙoƙin soyayya ne na kiɗan fiyano, sai gambarar zamani daga Kano da Kaduna da Jos, sai 'yan bege kaɗan, da wata ƙungiyar masu jita daga Agadas, da wani matashi daga zangon Kumasi wanda yake cuɗa Hausa da Turanci da Tuwi a baiti ɗaya. Mata shida ne kawai suka aiko. Mai goge ko gurmi ko kukuma ko ɗaya bai aiko ba.

Wannan laifinmu ne, ba nasu ba. Sanarwar da aka yi a Facebook da TikTok ba ta isa sai ga wanda dama yake can, kuma dattijon da yake kaɗa garaya a ƙauye ba shi da dalilin sanin cewa wasu matasa a birni suna nemansa. Don haka mun ware gurbi shida daga cikin 15 waɗanda mu za mu tashi mu je mu nema, mu gaishe su, mu roƙa. Mun kuma amince cewa ba Hausa kaɗai za a ji ba. Akwai Fulatanci daga Garwa, da Buzanci, da wata baiwar Allah mai waƙa da Birom, kuma za a sa fassarar Hausa a ƙasan hoton kowace.

Alhamis, 20 ga Nuwamba

An aika wa kowa bayanin yadda zai ɗauki waƙarsa, a rubuce da kuma a saƙon murya, domin ba kowa ne yake son dogon karatu a waya ba. Mun nemi a riƙe wayar a kwance, a kafa ta a kan wani abu kada ta yi rawa, a kashe janareta da fanka, kuma idan da hali a ajiye waya ta biyu kusa da mawaƙin don ɗaukar sauti kawai. A farkon ɗauka wani ya yi tafi ɗaya mai ƙarfi, saboda da wannan tafin mai haɗa hoto yake daidaita sautin waya ta biyu da motsin baki a wayar farko. Idan aka kira salla a dakata, a sake daga farko.

Abin da muka fi nanatawa shi ne hanyar aikowa. Idan aka tura bidiyo ta WhatsApp yadda aka saba, manhajar tana matse shi don ya yi sauƙin tafiya, sai ƙarar kalangu ta dushe, muryar 'yan amshi ta cakuɗe. Idan kuwa aka tura shi a matsayin fayil, yana zuwa yadda aka ɗauka, kuma manhajar tana karɓar fayil har mai nauyin gigabayit 2. Kuɗin datar da za a kashe wajen turawa mu muka ɗauka, kuma mun riga mun aika wa kowa kafin ya fara.

Talata, 2 ga Disamba

Mun dawo daga tafiyar kwana huɗu ta wajen Malumfashi da Funtuwa, kuma wannan ne aiki mafi daɗi da mafi wuya tun da muka fara. Hazo ya sauka sosai. Ga mai kyamara wannan alheri ne, domin rana ba ta dukan fuska, haske yana zuwa a tausashe har da tsakar rana. Ga kayan kiɗa da maƙogwaro kuwa jarrabawa ce. Bushewar iska tana ɗame fata, sai muryar ganga ta hau fiye da yadda mawaƙi ya saba, kuma idan aka matsa fatar tana iya tsagewa. Mai gogen da muka ɗauka ya tsaya sau uku yana goga ƙaro a izga yana gyara sauti, mu kuwa muna rufe na'ura da zane duk lokacin da iska ta taso da ƙura. Daga baya muka bar tsakar gida muka koma cikin wani tsohon zaure na ƙasa, mai rufin azara, a nan ne muka ji abin da muka zo nema: bangon ƙasa ba ya mayar da amo kamar na siminti, sai ka ji kowane jan izga daban.

Kwana na uku muka je wurin wata dattijuwa mai kiɗan ƙwarya, wadda ta shafe fiye da shekara arba'in tana amada a gidajen biki da suna. Ita da mata biyar suka kifa ƙorai, ɗaya a cikin ruwa, muka nesanta makirufo kada ya jiƙe. Kafin a fara na fito da takardar yarjejeniya zan karanta, sai ta ɗaga hannu ta ce, "Yaro, kafin ka karanta, faɗa mini da bakinka. In na yi muku waƙar nan, gobe aka kira ni gidan biki, zan iya sake yin ta?"

Na ce, "Hajiya, waƙa taki ce, aro kika ba mu. Za mu nuna ta daren biki, mu bar ta a shafinmu wata shida, kuma duk ranar da kika ce a sauke za a sauke."

Ta ce, "To wa zai yi mini liƙi a cikin waya?"

Ban ba ta amsa mai gamsarwa ba a lokacin, kuma tun da muka baro garin tambayar take bina. A gidan biki ana ganin wanda ya miƙe ya manna kuɗi a goshi, sanƙira ya faɗi sunansa, mawaƙiya ta saka shi a baiti nan take. Kuɗin da waƙar tare suke tafiya, ɗaya yana ƙara wa ɗaya armashi. Idan muka ɗauke mawaƙiya daga wannan muka sa ta a allon waya ba tare da wani abu a madadinsa ba, mun rage mata, ko da mutum dubu nawa suka kalla. Ta yi mana waƙa uku, muka ɗauki amincewarta a murya ban da sa hannu, jikarta tana shaida.

Asabar, 13 ga Disamba

An samu cikas. Mun ɗora waƙoƙi tara a YouTube a ɓoye don gwaji, sai tsarin Content ID ya kama biyu. Yadda abin yake aiki shi ne, duk sautin da aka ɗora ana gwada shi da waɗanda wasu suka riga suka yi wa rajista, idan ya yi daidai sai mai rajistar ya samu ikon toshe bidiyon ko karɓe kuɗin tallar da ke kansa. Da muka bincika, waƙa ɗaya an gina ta ne a kan kiɗan da aka sauke daga intanet da sunan kyauta, wanda wani a wata ƙasa ya riga ya yi wa rajista. Ta biyun ta fi ciwo: mawaƙin ya biya kuɗin sutudiyo da guminsa shekara biyu da suka wuce, amma mai sutudiyon ya ɗora waƙar a manhajojin sauraro da sunan kamfaninsa, ba tare da wata takarda a tsakaninsu ba, shi kuwa yaron bai taɓa sani ba sai da muka kira shi.

Mun nemi shawarar wata lauya. Ta bayyana mana cewa a ƙarƙashin Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, sallama haƙƙi gaba ɗaya ko ba wa mutum ɗaya izini shi kaɗai ba ya inganta sai a rubuce, amma izinin da bai hana mai abu ba wa wasu ba yana iya zama da baki. Wannan ya ƙarfafa mana gwiwa a kan tsarinmu na aro, ya kuma ba mawaƙin abin da zai riƙe idan ya je neman haƙƙinsa. Ba mu da lokacin jiran a sasanta kafin biki, don haka dukansu biyu za su sake rera waƙoƙin kai tsaye, na farko da jita, na biyu da mai kalangu da 'yan amshi biyu. Na saurari gwajin na biyun jiya da dare, kuma a kunnena ya fi na sutudiyo nesa ba kusa ba, domin a karon farko an ji kalmominsa ba tare da na'ura ta lanƙwasa masa murya ba.

Litinin, 22 ga Disamba

Mun ɗage bikin da mako guda, zuwa 23, 24 da 25 ga Janairu. Jiya aka buɗe gasar cin kofin ƙasashen Afirka a Maroko, kuma wasan ƙarshe zai kasance a Rabat ranar 18 ga Janairu, wato daren rufewarmu na da. Ya kamata mu lura da wannan tun a Oktoba. Ɗagewar ta kuma yi wa makaɗanmu biyu na Nijar daɗi, waɗanda a irin wannan lokaci hankalinsu yana wajen kokawa, sun ce ba za su zauna ɗaukar komai ba sai an ga wanda ya ɗauki takobi, wato kyautar zakaran gasar.

Za a riƙa farawa da ƙarfe 8:30 na dare agogon Nijeriya da Nijar da Kamaru da Chadi, bayan an idar da isha'i. A Gana da Ingila 7:30 ke nan, a Sudan 9:30, a Saudiyya 10:30.

Juma'a, 2 ga Janairu, 2026

Ga abin da muka tsayar a kan tambayar Hajiya. Kowane mawaƙi zai karɓi ladan fitowa iri ɗaya daga gudunmawar da aka tara, babba da yaro, na birni da na ƙauye, kuma za a biya kafin daren farko, ba bayansa ba. Ban da wannan, duk lokacin da mutum yake waƙa, lambar asusunsa ko ta wanda shi da kansa ya wakilta za ta tsaya a ƙasan allo, don kuɗin liƙi ya tafi kai tsaye ba tare da ya biyo ta hannunmu ba. Wanda ya yi liƙi yana iya rubutawa a wurin hira, mai gabatarwa kuma zai karanto sunaye kamar yadda sanƙira yake yi. Na sani wannan bai kai manni a goshi ba, tunda waƙoƙin an riga an ɗauke su, mawaƙi ba zai iya mayar da martani a baiti ba. Saboda haka muka ƙara minti goma a ƙarshen kowane dare inda za a kira ɗaya daga cikinsu a waya kai tsaye, ya gaisa da jama'a, ya yi godiya da irin salon da ya ga dama. Hajiya ta amince ta riƙe daren Asabar.

Biyan na ƙetare yana buƙatar kulawa. Na Gana zai karɓa da sidi ta asusun wayarsa, na Nijar da Kamaru da sefa. A wajen magana da mutanen Maraɗi da Damagaram mun koyi rubuta kowane adadi da lamba, domin jaka a bakinsu sefa 1,000 ce, dala kuma sefa 5, alhali jaka a bakin dattawanmu naira 200 ce. Kalma ɗaya ce, lissafi biyu, kuma ba ma son wani ya ji an yi masa alkawarin abin da ba shi aka nufa ba.

Gurbi ɗaya ne har yanzu a buɗe. Akwai wani mawaƙi ɗan asalin Mai Wurno ta jihar Sinnar a Sudan, daga zuriyar waɗanda suka yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, wanda yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya raba da gidansa. A watan jiya ya turo mana minti ɗaya na wata waƙa a kan kewar gari, da Hausar da ta sha Larabci amma kowa zai gane ta, ya ce zai aiko da cikakkiya idan ya samu sabis. Kwana 19 ke nan saƙonmu bai shiga wayarsa ba. Wasu sun ba da shawarar a ba wani gurbin, ni kuwa na roƙi a jira, kuma an amince.

Asabar, 10 ga Janairu

Daren jiya muka yi gwajin watsawa da mutum 30 a garuruwa takwas, ta tsarin Premiere na YouTube, inda ake ɗora bidiyo tun da wuri a sa masa lokacin buɗewa, kowa ya kalla a tare ana hira a gefe. Mun zaɓi wannan don nuna waƙoƙin maimakon watsawa kai tsaye saboda ko an ɗauke wuta a wurinmu shirin ba zai tsaya ba. Hoto da sauti sun tafi daidai, sai dai rubutun fassara ya yi ƙanƙanta a ƙaramar waya, kuma lambobin asusu suna ɓacewa da wuri kafin mutum ya kwafa. Za a gyara duka biyun kafin Laraba.

Ƙorafin da ya fi yawa na data ne. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin farashi na kashi 50 cikin 100 a Janairun bara, mutane suna lissafin kowane megabayit, kuma shirin awa ɗaya da rabi har dare uku ba ƙaramin abu ba ne ga ɗalibi ko mai ƙaramar sana'a. Mai gabatarwa zai nuna a farkon kowane dare yadda ake rage nauyin hoto zuwa 240 ko 144 a saitin YouTube. Za mu kuma fitar da sauti zalla washegarin kowane dare, wanda awa ɗaya ba ta kai megabayit 30 ba, ana iya tura shi daga waya zuwa waya ba tare da data ba, kuma a farkon kowace waƙa za a ji sunan mai ita da garinsa da hanyar yi masa liƙi, ta yadda ko fayil ɗin ya yi tafiya har inda ba mu sani ba sunan yana tare da shi. Sai da muka koma muka nemi izinin kowa a kan wannan daban, tunda abin da ya shiga wayoyin mutane ba ya saukuwa bayan wata shida. 12 sun yarda, biyu sun ce a bar nasu a YouTube kawai, kuma haka za a yi.

Waƙoƙi 14 suna hannu, an gama haɗa 11. Saura fassarar Buzanci, wadda wani malami a Agadas ya yi alkawarin turowa ranar Litinin, da jerin daren Lahadi da ba mu daidaita a kansa ba, domin masu jita da 'yan bege kowa yana son ya rufe. Na Sudan mun ba shi har ranar 20 ga wata. Idan cikakkiyar waƙar ba ta iso ba, za mu ajiye ladansa a gefe da sunansa, minti ɗayan nan kuma ba za mu saka ba sai mun ji amincewarsa daga bakinsa.